Katuna Sittin da Uku da Ruwa Ya Jiƙa

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙaramin asibitin nan na bayan tashar mota ya san tagar Mai Kati, tun da ba a ganin likita sai an bi ta wurinsa. Taga ce mai ragar ƙarfe, da ɗan rami a ƙasa inda ake miƙa hannu. Bayanta akwai wani ɗaki da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kantoci tun daga ƙasa har rufi cike da katunan marasa lafiya, sai tebur ɗaya da wata fanka mai juya kai tana ƙara kamar an tilasta mata. A nan ya yi shekara ashirin da huɗu. Sunansa na yanka kuwa, in ka cire matarsa da takardar ɗaukarsa aiki, ban ga mai kawo maka shi ba.

Mutum ne da Allah ya zuba masa tsoro tun yana ƙarami, da ya girma kuma bai rage masa ko cokali ba. Ubansa mai gyaran keke ne, burinsa ɗan ya zama nas. Ya shiga makarantar kuwa, ya yi wata huɗu. Ranar da aka kai su ɗakin ɗinkin rauni ya ga an buɗe ƙafar wani bawan Allah, sai farkawa ya yi ya ga 'yan ajinsu na yi masa fifita da littafi. Aka ce ya je ya nemi aikin da babu jini a ciki. Haka ya faɗo ɗakin kati, kuma a nan tsoron ya yi masa rana, domin mai tsoro ba ya ajiye abu sai ya duba sau biyu.

Katin nasu bango ne mai kauri, a cikinsa ake ɗinke takardun da likita ke rubutu. A kan bangon akwai suna, lamba, shekaru da lambar waya. Dokoki biyu Mai Kati ya kafa wa kansa, ba wanda ya sa shi. Ta farko, mutum ɗaya kati ɗaya. In ya sabunta bango, tsohon sai wuta, kada wata rana a ɗauko biyu a rasa na bi. Ta biyu, duk wanda aka ce akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, irin wanda ke tayar da borin jini ko ya shaƙe numfashi, sai ya shafe kusurwar bangon ta sama da jan biro, ya rubuta sunan maganin a ƙasa da manyan baƙaƙe. Likitoci sun saba. Kafin su rubuta allura, kusurwar suke kallo. In ba ja, sai su wuce.

A shekarar da ya cika arba'in da takwas aka fara raɗe-raɗin za a kawo kwamfutoci, kuma wai har da matashin da zai riƙa sarrafa su. Ba wanda ya ce masa za a sallame shi. Amma shi ba sai an ce ba, ya riga ya sallami kansa a zuci sau ɗari. Abinci ya daina shiga. Matarsa ta gaji da ganin kwano na komawa yadda ya zo, ta kai ƙararsa wurin 'yarsu ta fari, wadda ke karatun harhaɗa magunguna.

"Baba, in tsoron kwamfutar kake ji, ka koye ta mana," in ji 'yar. "Akwai kwas da kwaleji ke bayarwa daga nesa. Ba ka zuwa ko'ina, ba wanda zai ga furfurarka."

Maganar furfurar ce ta shige shi. Ta yi masa rajista, ta bar masa tsohuwar kwamfutarta mai tsagaggen murfi. Kwas ɗin na masu farawa ne, koyon rubuta manhaja, mako goma sha huɗu. Kowace Asabar da hantsi a saki bidiyo, kowace Alhamis a tura aikin gida. Malamin ba a taɓa ganin fuskarsa ba, sai murya da rubutu na tafiya a allo. Akwai kuma zauren 'yan aji a waya, mutum ɗari da wani abu, yawancinsu sa'o'in 'yarsa, suna ta zuba surutu da hotunan dariya. Mai Kati ya yi wata guda a zauren bai ce uffan ba, don kada ya yi tambayar da za a gane shekarunsa.

Makonnin farko wuya ya sha. Ya manta ɗigo ɗaya, kwamfuta ta watso masa jan rubutu layi takwas, gabansa ya faɗi kamar shugaba ne ya kira shi ofis. Matarsa har tsokanarsa take: "Yau ma ta yi maka faɗa?" Amma a mako na biyar aka zo inda ya fi kowa. Malamin ya ce a wannan salon ba a farawa da lissafi, da abu ake farawa. Ka zana siffar abin tukuna, ka ce kowane irinsa yana da gurbin kaza da gurbin kaza, sannan ka riƙa fitar da ɗaiɗaiku daga wannan siffa, kowanne ya riƙe nasa bayanin. Yara suka cika zaure da kuka wai ba su gane ba. Mai Kati ya kalli allo ya yi murmushi shi kaɗai. Yo wannan ai katin da ba a cike ba ne da katin da aka cike. Abin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana yi ke nan, yau aka ba shi suna da Turanci.

Daga nan kansa ya ɗan kumbura, gaskiya dai gaskiya ce. Aikin mako na shida cewa aka yi kowa ya zana siffar wani abu mai gurbi biyu, ya fitar da shi a takarda. Ya zana majiyyaci, ya sa suna da lamba, ya ƙara shekaru da waya, sannan ya ƙara na biyar daga baya: maganin da jiki ba ya karɓa. A kan wannan na biyar ɗin kwamfuta ta tubure. Ya juya, ya juya, jan rubutu ya ƙi tafiya. Ya daure ya ɗauki hoton allon ya tura zaure, karonsa na farko. Minti biyu ba a yi ba wani ya amsa: "Sa kalmar nan a gaban gurbin, zai daina." Kalma ce ɗaya, baƙaƙe shida. Ya sa, jan rubutu ya ɓace. Ya gwada da mutum ɗaya, wato shi kansa, komai ya fito daidai. Ya tura aikin ranar Alhamis, ya ci tuwon gabansa har ya nemi ƙari.

A makon ne kuma bututun ruwan da ya bi ta bayan ɗakin kati ya tsage, ya jiƙa kantar ƙasa. Takardun ciki sun tsira, amma bangwaye sittin da uku sun kumbura sun fara fumfuna. Da can da hannu zai sake su, aikin kwana uku. Yanzu kuwa ga manhaja a jakarsa. Ranar Juma'a da rana ya zauna, ya jera jiƙaƙƙun katunan, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya a tsanake. Uku daga ciki masu jar kusurwa ne, ya shigar da sunayen magungunan yadda suke. Sauran duk ya rubuta "babu". Da ya gama na ƙarshe ya kai kwamfutar ofishin Sista Babba, inda injin buga takarda yake, ya danna sau ɗaya. Bangwaye suka yi ta fitowa fes, layi a miƙe.

Sista Babba ita ce shugabar nas-nas, mace doguwa mai magana a hankali, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba kuma ba a taɓa ganin wanda ya so ta maimaita masa magana ba. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Kai ka yi wannan, Mai Kati?"

"Ni ne, Sista."

Ta leƙa waje ta kira nas biyu su zo su gani. Ta ce ashe muna da masani a gida ake maganar ɗauko wani. Wallahi da a ce za a auna shi a lokacin da ya ƙara tsawo. Lokacin tashi ya gabato, sai ya hau ɗinke bangwayen a kan takardunsu, lamba kawai yake dubawa don kada ya haɗa na wani da na wani. Sauran layukan bai karanta ba. Wa ke karanta abin da inji ya buga? Injin baƙi kaɗai yake bugawa, ya ce jan kusurwar sai Litinin da safe. Tsofaffin bangwayen ya ɗaure da igiya ya miƙa wa dattijon da ke share asibitin, ya ce a ƙona. Ya rufe kwamfuta. Ba su kai darasin adana bayanai ba tukuna, saboda haka duk abin da ya shigar ya tafi da rufewar.

Litinin ƙarfe bakwai da rabi ya buɗe ɗaki, ya rataye hula, ya ciro jan biro. Kafin ya fara sai wayarsa ta yi ƙara. Malamin ne ya dawo da sakamakon aikin gida.

"Aikinka ya yi kyau, har ka ƙara abin da ba a tambaya ba. Kuskure ɗaya ne, ƙarami, kusan duk sabon shiga yana yin sa. Kalmar da ka sa a gaban gurbin magani ta mai da gurbin na kowa da kowa, ba na mutum ɗaya ba. Ka ɗauka allo ne guda a bango, duk wanda ya zo sai ya goge na baya ya rubuta nasa. In ka shigar da mutum goma sannan ka buga, dukansu za su fito da maganin na ƙarshe. Gwada ka gani. Maki biyu kawai na cire."

Ya karanta sau ɗaya bai gane ba. Sai da ya karanta na biyu ya gane. Ya durƙusa gaban kantar ƙasa ya zaro sababbin katunan. Na farko, babu. Na biyu, babu. Ya riƙa buɗewa har ya kai ƙarshe. Babu, babu, babu. Na ƙarshen da ya shigar ranar Juma'a lafiyayye ne, shi ya goge na kowa. A cikin tarin nan akwai mutum uku da allura ɗaya za ta iya kashewa, kuma katinsu na cewa a yi musu.

Ya fita da gudu-gudu zuwa bayan asibiti. Dattijon na tsaye yana kaɗe tsintsiya.

"Baba, katunan nan da na ba ka ranar Juma'a?"

"Tun Asabar da safe. Ai ka san ba na kwana da aikinka." Ya nuna masa durom ɗin ƙona shara da haɓa. Mai Kati ya leƙa, har ya sa sanda ya tona. Toka ce da igiyar da ta ƙone rabi.

Ya koma ɗaki ya turo ƙofa. A taga mutane sun fara layi. Ya zauna ya matse kansa da hannu biyu. Biyu ya tuna ba wuya. Akwai malamar firamaren nan mai tabarau, fenisilin ne nata, ita da kanta take tunatar da kowa. Akwai direban tankin ruwa, nasa maganin ciwon jiki ne, ya taɓa kumbura a gabansu har idonsa ya rufe. Ya zaro nasu ya shafa ja ya rubuta. Saura ɗaya. Ya san uku ne, yana ganin jajayen kusurwoyin a idonsa, ɗaya har jan ya zubo saboda ruwa. Amma na wane ne? Ya karanta sunayen daga farko zuwa ƙarshe, kowane suna ya yi masa kama da shi, kowanne kuma bai yi ba.

Abin da ya kamata ya yi a fili yake, ko yaro ya sani: ya tashi ya je ya gaya wa Sista Babba. Ofishinta taku goma sha biyu ne daga ƙofarsa. Amma ya tuna yadda ta kira nas biyu su zo su gani, ya tuna "masani a gida", sai ƙafar ta ƙi. Ya ce bari dai ya nemo na ukun da kansa, ya gyara shiru, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ya hau buɗe takardun ciki yana bin rubutun likitoci, ko wani ya ambata. Yana yi yana miƙa wa masu layi katunansu, ya ba wani na wani har sau biyu, abin da bai taɓa yi ba. Wata mata ta ce, "Mai Kati, yau lafiya kuwa?" Ya ce lafiya lau. Likitoci ba su rubuta komai a ciki ba. Me zai sa su rubuta, alhali yana kan bango?

Awa ɗaya da rabi ya kashe a haka. Ina faɗa ne don shi ma bai taɓa ragewa ba in yana ba da labarin. Sai wajen ƙarfe tara ya yi abin da ya kamata ya fara da shi, ya ƙirga katunan. Sittin da biyu. Ya sake ƙirgawa yana jiƙa yatsa. Sittin da biyu.

A ƙarshen mako ba ya zuwa, nas mai aiki ce ke ɗaukar kati da kanta ta rubuta a littafin ƙofa. Ya buɗe littafin. Jiya Lahadi an ɗauki kati ɗaya daga kantar ƙasa: wani tsohon kafinta, an kwantar da shi a ɗakin maza, ciwon ƙirji. Mai Kati ya san allurar da ake yi wa mai ciwon ƙirji, irin wadda jikin wasu ba ya karɓa, ya kuma san ƙarfe tara ake zagayen allura.

Bai san lokacin da ya bar taga a buɗe ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana kewaye ɗakin kwanciya don kada ya ga jini, sai ga shi ya faɗa ciki da takalmi ɗaya a sagale. Gado na huɗu. Tsohon na kwance ido rufe, numfashi na fita da ƙyar, wata matashiya na zaune gefensa. Nas ta riga ta ja magani a sirinji tana ɗan ƙwanƙwasa shi da farce.

"Dakata," ya ce. Nas ba ta ji ba, ya sake. "Sista, don Allah dakata."

Ta juyo tana kallonsa. "Me ya faru?"

"Katin nan. Kada ki bi abin da ke kansa."

"An rubuta babu."

"Na sani. Ni na rubuta. Ba daidai ba ne. Wato ban sani ba ko daidai ne." Ya juya ga matashiyar. "Baiwar Allah, mahaifinki ne? Akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa?"

"Surukina ne," ta ce, ta miƙe a tsorace. "Ni ban sani ba. Wani abu aka yi masa?"

Nas ta ajiye sirinjin a faranti, ta ɗauko takardar da ke rataye a ƙafar gado ta nuna masa da yatsa. "Wannan ta uku ce. An yi masa jiya da rana, an yi masa da magariba. Da jikinsa ba ya karɓa da tuni mun gani."

Ya dafa ƙarfen gadon. Da farko daɗi ya ji, har idonsa ya kawo ruwa. Sai kuma lissafin ya zo masa. An yi wa tsohon nan allura biyu a kan katin ƙarya, Allah ne kawai ya sa ba shi ba ne. Kuma tun da ba shi ba ne, na ukun yana can cikin gari yana yawo, yau ko gobe zai zo taga.

Ba sai ya je ofishin Sista Babba ba, ita ta zo. Hayaniyar layin da aka bari ba kowa ce ta fito da ita. Ta tsaya a bakin ɗakin maza ta harɗe hannu, ta ce ya biyo ta. A ofis ta rufe ƙofa, ba ta ce ya zauna ba. Ya faɗi komai, tun daga jan rubutun da kalmar da aka ba shi a zaure har zuwa tokar durom. Ya miƙa mata wayar ta karanta saƙon malamin. Ta karanta har ƙasa.

"Maki biyu," ta ce, ta ajiye wayar. "Ƙarfe nawa ka ga wannan?"

Nan ne ya so ƙasa ta tsage. Yana iya cewa yanzu-yanzu, ba mai ƙaryata shi sai agogon saƙon, kuma ba ta duba ba.

"Bakwai da rabi, Sista."

Ta kalli agogon bango, ta kalle shi. Shi kuwa gumi na bin bayansa har cikin wando.

"Maganarka da ni tana nan, ba ta wuce ba," ta ce. "Amma ba yau ba. Kwaso katunan nan duka ka kawo nan. Ba wanda zai fita sai da sa hannuna. Akwai lambar waya a kowanne, ko ita ma ta zama ta kowa da kowa?"

"A'a, ita daidai take."

"To zauna ka kira su. Ɗaya bayan ɗaya. Zan sa wata a taga."

Haka ya zauna a kusurwar teburinta da wayar asibiti da tarin kati sittin. Kowane kira sai ya yi sallama, ya ce Mai Kati ne daga asibiti, ana sabunta bayanai, ko akwai maganin da jikin wane ba ya karɓa? Wasu suka ce babu. Wasu suka tsorata suka ce ko wani abu aka gani a jininsu, sai ya rantse musu. Wani ya ce shi duk magani ɗaci yake masa, a rubuta duka. Wata tsohuwa ta riƙe shi minti goma tana ba shi labarin gwiwarta. Lambobi da yawa a kashe, wasu an canza masu su. Waɗannan ya ware su gefe, kuma duk wanda ya ware sai ya ji kamar shi ne. Azahar ta yi ta wuce. An kawo masa ruwa bai sha ba. Duk sanda aka buɗe ƙofar ɗakin allura a can ƙarshen baranda sai ya ɗaga kai, ko da yake ya san katunan suna gabansa.

Wajen la'asar ya ɗauki na arba'in da ɗaya. Yarinya ce, shekara bakwai. Lambar ta uwarta ce. Ta ɗauka a ƙara na biyu, ana jin keken ɗinki na tafiya kusa da ita, sai ya tsaya.

"A'a, Mai Kati, kai ne da kanka? Ina wuni, ya aiki? Kamar ka san ina da niyyar zuwa. Tari ne ya hana ta barci kwana biyu, ga zazzaɓi. Na ce gobe da sassafe zan kawo ta."

"Allah ya sawwaƙe," ya ce. "Hajiya, tambaya zan yi. Akwai maganin da jikinta ba ya karɓa?"

"Akwai mana. Ka manta? Tana shekara biyu, mun je biki garin su babanta, aka yi mata allura a wani ɗan asibiti. Kafin mu kai bakin titi ta yi baƙi, harshe ya cika mata baki. Wallahi na cire rai. Da muka dawo na kawo maka 'yar takardar da suka ba mu, ka ɗinke ta a bayan katin, ka shafa ja a gabana."

Yana jin haka ya tuna. Ya tuna matar da goyo a baya, ya tuna 'yar takardar mai ruwan ɗorawa da aka yage daga littafi, wadda ranar Juma'a ya ga ta manne da jiƙaƙƙen bangon ya bar ta a nan. Har kusurwar da jan ya zubo, ita ce. Ya ɗaga wa Sista Babba hannu, ta ajiye abin da take rubutawa ta matso. Ya cire murfin jan biro da haƙori.

"Alhamdu lillahi. To Hajiya, mene ne sunan maganin?"

Ta yi 'yar dariya. "Ni ina na sani? Wani dogon suna ne na Turanci. Ai ranar na ce ka rubuta mini a wata takarda in riƙe, ka ce kada in wahalar da kaina, yana kan kati, duk likitan da ya ɗauka zai gani."

Ya rufe ido. Ya nemi sunan a kansa, ya san yatsunsa sun buga shi kwana uku da suka wuce, baƙi bayan baƙi. Ya ga tebur, ya ga jiƙaƙƙen bangon, ya ga jan da ya zubo. Rubutun ne kawai ba ya gani.

"Babanta fa, ko zai tuna? Ko asibitin can?"

"Babanta ai shekara uku ke nan da rasuwa. Asibitin kuwa an ce an rushe layin gaba ɗaya an yi titi. Me ya faru ne, Mai Kati? Ba yana kan katin ba?"

Ya kalli Sista Babba. Ta ji komai, wayar na da ƙara. Ba ta karɓa daga hannunsa ba, ba ta kuma kawar da ido ba.

"Ba ya kai, Hajiya," ya ce. "Ni na ɓatar da shi. In kin zo gobe zan yi miki bayani a gaban likita. Amma daga yanzu zuwa goben, don girman Allah, kada ki ba ta komai. Ko na kemis, ko wanda maƙwabta suka ba ki."

Can a bayanta ya ji tarin yarinyar, busasshe, sau uku a jere. Sannan aka kashe wayar.

"Rubuta abin da ka sani," in ji Sista Babba.

Ya jawo katin gabansa. Ya soke "babu" da layi biyu, ya shafe kusurwar da ja har takardar ta jiƙe. A ƙasa, inda sunan magani ke zama, ya rubuta da manyan baƙaƙe: AKWAI. BA A SAN SUNANSA BA.